Daga Samaru zuwa Atina: Tarihin tsattsauran ra'ayi da zubar da jini a tsakanin ɗaliban jami'a

ABUJA — A kowace ranar 10 ga Yuli, ɗaliban Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife kan taru domin tunawa da 'yan'uwansu biyar da aka kashe a ɗakunan kwanansu a shekarar 1999. A kowace ranar 17 ga Nuwamba kuma, dubban mutane kan yi maci a Atina, babban birnin ƙasar Girka, domin tunawa da daren da tankar yaƙi ta rushe ƙofar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta birnin a 1973. A Zariya, waɗanda suka yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello a tsakiyar shekarun 1980 ba su manta da ranar 23 ga Mayun 1986 ba.

Waɗannan ranaku suna tunatar da abu guda: makarantar da aka gina domin muhawara da neman sani takan zama fagen daga. Wani lokaci hukuma ce ke buɗe wuta a kan ɗalibai. Wani lokaci kuma ɗalibai ne ke far wa junansu, bisa dalilin aƙida, ko addini, ko biyayya ga wata ƙungiyar asiri. Wannan sharhi ya bi diddigin yadda lamarin ya faro a Najeriya, musamman a Arewa, tare da duba abin da ya faru a Girka, ƙasar da ta daɗe tana fama da ƙungiyoyin masu tsattsauran ra'ayin riƙau a makarantunta, har sai da kotu ta yi hukunci mai tsanani a 2020.

Mece ce matsalar?

Zafin ra'ayi a tsakanin matasa ba laifi ba ne. Ɗalibin da ya yi imani da gurguzu, ko ya riƙi addininsa da ƙarfi, ko yake alfahari da ƙabilarsa, yana cikin haƙƙinsa, domin sashe na 38 da na 40 na Tsarin Mulkin 1999 sun ba shi 'yancin tunani da addini da kuma shiga ƙungiya. Matsala tana farawa ne a ranar da wani rukuni ya yanke shawarar cewa mai saɓa masa bai cancanci a saurare shi ba, sai dai a rufe masa baki da sanda ko adda ko wuta.

A Turai, ana kiran masu irin wannan hali daga ɓangaren kishin ƙasa ko launin fata da masu tsattsauran ra'ayin riƙau. A Najeriya ba a cika amfani da rabon dama da hagu ba, amma alamomin suna nan: ɗaukaka rukuni ɗaya a kan sauran jama'a, rantsuwar biyayya ga shugaba, ƙyamar baƙo, da ɗaukar tashin hankali a matsayin jarumta. Abin da ya bambanta shi ne tutar da ake ɗagawa.

Zariya: daga muhawara zuwa harsashi

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoban 1962. Kafin ƙarshen shekarun 1970, harabarta ta Samaru ta zama cibiyar muhawarar siyasa mafi zafi a Arewa. Malamai irin su Dokta Yusufu Bala Usman na sashen tarihi da Dokta Patrick Wilmot na sashen nazarin halayyar jama'a sun yi tasiri a kan ɗalibai masu ra'ayin sauyi, waɗanda ke sukar mulkin soja, jari-hujja da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. Ƙungiyar ɗalibai a lokacin tana da ƙarfi, kuma zaɓenta yakan ja hankalin ƙasa baki ɗaya.

Jinin ɗalibi ya fara zuba a hannun jami'an tsaro tun ranar 1 ga Fabrairun 1971, lokacin da 'yan sanda suka harbe Kunle Adepeju a Jami'ar Ibadan. Amma abin da ya girgiza ƙasa shi ne rikicin Afrilun 1978. Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta amince da ƙarin kwabo 50, wato sule biyar, a kuɗin da ɗalibi ke biya kowace rana. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta kira zanga-zanga, ɗalibai kuma suka nemi Kwamishinan Ilimi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya sauka. An harbe ɗalibi Akintunde Ojo a Legas, sannan sojoji suka buɗe wuta a Samaru, inda aka rasa rayuka da dama. Gwamnati ta haramta NUNS, aka kuma kori wasu malamai da shugabannin ɗalibai. Sai a 1980 aka kafa NANS a madadinta.

Shekara takwas bayan haka, tunawa da waɗanda aka kashe a 1978 ta haifar da wani sabon kisan. A 1986 ɗaliban Samaru sun yi jerin gwano na juyayi, suka ratsa ta ɗakin kwanan mata na Amina, wanda dokar jami'a ta hana maza shiga. Hukumar jami'a ƙarƙashin Farfesa Ango Abdullahi ta hukunta shugabannin ɗalibai, su kuwa ɗalibai suka tayar da bore suna neman ya sauka. A ranar 23 ga Mayu 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga harabar suka yi harbi. Hukuma ta ce mutum huɗu ne suka mutu, ɗalibai suka ce adadin ya wuce haka. Zanga-zangar juyayi ta bazu a jami'o'in ƙasar.

Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye. Abin da ya biyo baya shi ne matsa wa ƙungiyoyin ɗalibai da malaman da ake zargi da cusa musu ra'ayin gurguzu. An haramta ayyukan NANS, an fitar da Wilmot daga ƙasar a 1988, sannan Dokar Soja mai lamba 47 ta 1989 ta ba hukuma ikon rushe duk wata ƙungiyar ɗalibai da ta ga dama. Manufar ita ce a samar da natsuwa a makarantu. Sakamakon ya zo da akasin haka, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da aka raunana dandalin da Musulmi da Kirista, Bahaushe da Tibi da Bayarabe ke haɗuwa a kan kuɗin makaranta da abinci da wutar lantarki, sai ɗalibai suka koma inuwar da ta rage musu, wato addini, ƙabila da ƙungiyoyin ɓoye.

Lokacin da addini ya zama tuta

Ƙungiyoyin addini na ɗalibai sun girmi yawancin jami'o'in ƙasar nan. An kafa Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Najeriya, MSS, a Legas a 1954, tare da Abdul-Lateef Adegbite a matsayin shugabanta na farko. Ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS kuwa ta samo asali ne daga Gindiri, a Jihar Filato ta yanzu, a 1957. Ayyukansu na asali su ne tarbiyya, ibada da taimakon juna, kuma har gobe wannan ne aikin mafi yawan mambobinsu.

Al'amura sun ɗauki zafi a ƙarshen shekarun 1970. Muhawarar shari'ar Musulunci a Majalisar Tsara Tsarin Mulki ta 1977 zuwa 1978 ta raba kan 'yan boko, juyin juya halin Iran na 1979 ya burge wasu matasa Musulmi, yayin da sabon salon wa'azin Kirista mai zafi ke yaɗuwa a makarantu. A Samaru, Ibrahim Zakzaky, ɗalibin ilimin tattalin arziki kuma jigo a MSS, ya jagoranci ɗalibai masu kiran a yi watsi da tsarin mulkin da ba na Musulunci ba, kiran da ya fito fili a jawabinsa na Funtuwa a 1980. A Kano, a watan Oktoban 1982, taƙaddama kan gina coci kusa da masallaci a Fagge ta kai ga ƙona majami'u, kuma ɗalibai na cikin waɗanda suka fito. A Jami'ar Ibadan, a 1986, an yi doguwar jayayya kan gicciyen da ke tsaye kusa da masallacin jami'a. A shekarar ce kuma batun shigar Najeriya Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta OIC ya ƙara dagula zukata.

A wannan yanayi rikicin Kafanchan ya ɓarke. A ranar 6 ga Maris 1987, ɗalibai Kirista na Kwalejin Ilimi ta garin suna gudanar da taron wa'azi, inda suka gayyaci Rabaran Abubakar Bako, wanda ya bar Musulunci ya koma Kiristanci. Ɗalibai Musulmi suka zarge shi da karkatar da ayoyin Alƙur'ani da yin ɓatanci ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Cacar baki ta koma dambe, damben ya fita daga kwaleji ya shiga gari, aka kashe mutane, aka ƙona masallatai. Cikin 'yan kwanaki ramuwar gayya ta isa Kaduna, Zariya, Funtuwa da Katsina, waɗanda duk a lokacin suna cikin tsohuwar Jihar Kaduna. Alƙaluman hukuma sun nuna mutum 19 sun mutu, an lalata majami'u sama da 150 da masallatai biyar. Gwamnatin jiha ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Hansine Donli, gwamnatin tarayya kuma ta kafa kotu ta musamman ƙarƙashin Mai Shari'a Adolphus Karibi-Whyte.

Darasin Kafanchan a bayyane yake. Rigimar da ta fara a tsakanin 'yan makaranta ba ta tsaya a bakin ƙofar makaranta ba, kuma mafi yawan waɗanda suka yi asara ba su ma san abin da aka faɗa a wurin taron ba. Shekara guda bayan haka, a watan Yunin 1988, zaɓen ƙungiyar ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ya rikiɗe ya zama faɗa tsakanin Musulmi da Kirista, aka jikkata ɗalibai masu yawa. Dandalin da ya haɗa kan ɗalibai a 1978 da 1986 shi ne ya zama filin da suka sassari juna.

A farkon shekarun 2000, wa'azin Muhammad Yusuf a Maiduguri ya ja hankalin wasu ɗaliban manyan makarantu, har aka riƙa ba da labarin waɗanda suka yayyaga takardun shaidar karatunsu. Daga baya makarantu suka zama abin hari. An kashe masu ibada, ciki har da farfesoshi biyu, a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ta Kano ranar 29 ga Afrilun 2012. An kashe ɗalibai da dama suna barci a Kwalejin Aikin Gona ta Gujba a Jihar Yobe a watan Satumban 2013. A watan Janairun 2017 bam ya tashi a wani masallaci a Jami'ar Maiduguri, ya kashe Farfesa Aliyu Mani. Aƙidar da ta ɗebi mabiya daga cikin ɗalibai ta juyo ta cinye Musulmi da Kirista ba tare da tantancewa ba.

Ƙungiyoyin asiri

Reshe na biyu na wannan tarihi ya tsiro ne daga Kudu. A 1952, ɗalibai bakwai na Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ciki har da Wole Soyinka, suka kafa ƙungiyar Pyrates. Manufarsu ita ce yaƙi da ƙabilanci da girman kan 'ya'yan masu hali da kwaikwayon Turawa ido rufe. Ba a san su da makami ba. Amma daga baya ɓaraka ta shigo: ƙungiyar Eiye ta bayyana a Ibadan a shekarun 1960, Buccaneers ta ɓalle a 1972, aka kafa Neo-Black Movement a Jami'ar Benin a 1977, wadda jama'a ke dangantawa da Black Axe ko da yake shugabanninta na musanta hakan, sannan Vikings ta fito daga Jami'ar Fatakwal a farkon shekarun 1980. Ganin inda aka dosa, Pyrates ta sanar da janyewa daga makarantu a 1984.

Masu nazari da dama sun yi ittifaƙi cewa waɗannan ƙungiyoyi sun yi ƙarfi ne a zamanin da gwamnatocin soja ke neman karya ƙungiyoyin ɗalibai. Wasu jami'an gwamnati da wasu shugabannin makarantu sun ga cewa za su iya amfani da su wajen tsorata ɗalibai masu tsaurin ido da malamai masu suka. Da aka ba su kariya, sai bindiga ta maye gurbin sanda.

Abin da ya faru a Ile-Ife shi ne misali mafi muni. A watan Maris 1999, shugabannin ƙungiyar ɗalibai sun kama wasu da ake zargin 'yan ƙungiyar asiri ne ɗauke da makamai, suka miƙa su ga 'yan sanda, amma ba a jima ba aka gan su sun dawo makaranta. Da asubahin ranar 10 ga Yuli, wasu mutane rufe da fuska suka shiga ɗakin kwanan ɗalibai na Awolowo da bindigogi da gatura. Suka kashe babban sakataren ƙungiyar, George Iwilade, wanda aka fi sani da Afrika, tare da wasu ɗalibai huɗu. Sabuwar gwamnatin farar hula ta Obasanjo ta dakatar da shugaban jami'ar, ta kafa kwamitin shari'a ƙarƙashin Mai Shari'a Okoi Itam, ta kuma ba shugabannin jami'o'i wa'adi su kawar da ƙungiyoyin asiri. Aka yi ta bukukuwan tuba a bainar jama'a. Amma babu wanda kotu ta ɗaure kan kisan ɗaliban biyar.

Bayan dawowar mulkin farar hula, 'yan siyasa suka gaji abin da soja suka bari. Rahoton da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta fitar a 2007 ya bayyana yadda ake hayar 'yan ƙungiyoyin asiri a Jihar Ribas da 'yan kalare a Gombe domin bangar siyasa. Sunaye sun bambanta daga gari zuwa gari, 'yan daba a Kano, sara-suka a Bauchi, ƙauraye a Katsina, amma cinikin iri ɗaya ne: matashi ya sayar da ƙarfinsa, ubangida ya biya shi da kuɗi, ƙwaya da alƙawarin fito da shi idan an kama shi.

Abin da ya faru a Girka

Girka ta fito daga yaƙin basasa tsakanin 'yan gurguzu da gwamnati a 1949, kuma ƙiyayyar da yaƙin ya bari ta shiga jami'o'i. A 1960 aka kafa wata ƙungiyar ɗalibai masu ra'ayin riƙau mai suna EKOF. Ta yi suna wajen dukan ɗalibai masu ra'ayin sauyi, tarwatsa tarurrukansu da murɗe zaɓen ƙungiyoyin ɗalibai, yayin da 'yan sanda ke kawar da kai. Wannan ne zamanin da wasu 'yan banga suka kashe ɗan majalisa Grigoris Lambrakis a birnin Tasalonika a watan Mayun 1963, kuma bincike ya gano hannun manyan jami'an tsaro a ciki. A watan Yulin 1965 ɗalibi Sotiris Petroulas ya mutu yayin da 'yan sanda ke tarwatsa zanga-zanga a Atina.

Da sojoji suka yi juyin mulki ranar 21 ga Afrilun 1967, wasu tsofaffin 'yan EKOF sun sami muƙamai a sabuwar gwamnati. Aka soke zaɓen ɗalibai na gaskiya, aka riƙa naɗa musu shugabanni, sannan a 1973 aka yi dokar tilasta wa ɗalibai masu bore shiga aikin soja. A watan Fabrairun shekarar ɗalibai suka mamaye Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Atina. A ranar 14 ga Nuwamba suka mamaye Kwalejin Kimiyya da Fasaha, suka kafa gidan rediyo suna kiran jama'a su fito. Kafin asubahin 17 ga wata, tankar yaƙi ta rushe ƙofar. Binciken masana ya tabbatar da sunayen mutum 24 da aka kashe a kwanakin. Gwamnatin sojan ta faɗi a watan Yulin 1974.

Domin kada a maimaita, a 1982 aka yi dokar da ta hana 'yan sanda shiga harabar jami'a ba tare da izinin hukumarta ba. Dokar ta kare 'yancin faɗin albarkacin baki, amma masu sukarta sun ce ta zama mafakar masu tayar da fitina daga kowane ɓangare. An soke ta a 2011, aka dawo da ita a 2017, aka sake soke ta a 2019.

A gefe guda kuma wata sabuwar ƙungiya tana girma. Nikolaos Michaloliakos ya fara buga mujallar Golden Dawn, wato Alfijir na Zinariya, a 1980, daga baya ta zama jam'iyya mai ɗaukaka aƙidar 'yan Nazi. A watan Yunin 1998, 'yan ƙungiyar suka far wa wani shugaban ɗalibai, Dimitris Kousouris, a kusa da harabar kotunan Atina, suka yi masa dukan da ya kusa raba shi da ransa. Wanda ya jagoranci harin, Antonios Androutsopoulos, ya yi shekara bakwai a ɓoye kafin ya miƙa kansa a 2005, aka ɗaure shi a 2006. An ɗauki lamarin a matsayin laifin mutum ɗaya, aka ƙyale ƙungiyar. Da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, rashin aikin yi ya yi wa matasa katutu, Golden Dawn ta sami kusan kashi 7 cikin 100 na ƙuri'u a 2012, ta shiga majalisa da kujeru 18 a zaɓen watan Yuni. Hare-hare a kan baƙin haure suka ƙaru.

Sai da wani ɗan jam'iyyar ya daɓa wa mawaƙi Pavlos Fyssas wuƙa har lahira a watan Satumban 2013 sannan hukuma ta farka. Shari'ar ta fara a 2015, ta ɗauki sama da shekara biyar. A ranar 7 ga Oktoban 2020 kotu ta yanke cewa Golden Dawn ƙungiyar masu aikata laifi ce da ta fake da rigar jam'iyya. Aka yi wa wanda ya yi kisan ɗaurin rai da rai, aka ɗaure Michaloliakos da manyan muƙarrabansa shekara 13. Tsakanin dukan Kousouris da wannan hukunci, shekara 22 ce ta wuce.

Inda tarihin ƙasashen biyu ya haɗu

Girka ƙasa ce mai mutum kusan miliyan 10, masu harshe ɗaya kuma mafi yawansu mabiya ɗarika ɗaya ta Kirista, don haka rabuwar kanta ta bi layin aƙidar siyasa ne da ƙyamar baƙi. A Najeriya layin ya fi bin addini, ƙabila da son abin duniya. Duk da haka akwai abubuwan da suka yi kama.

Na farko, a ƙasashen biyu hukuma ta taɓa ɗaukar wani rukunin ɗalibai a matsayin karen farauta domin ta murƙushe wani, daga baya karen ya fi ƙarfin mai shi. Na biyu, rushe zaɓaɓɓun ƙungiyoyin ɗalibai bai kawo zaman lafiya ba, ya dai kori siyasa daga zauren taro zuwa duhu. Na uku, talauci da rashin aikin yi sun sauƙaƙa wa masu ɗiban mabiya. Na huɗu, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne rashin hukunci. Duk kisan da aka bari ya wuce, ya zama izini ga na gaba.

A nan ne batun Sakkwato ya shigo. A ranar 12 ga Mayun 2022, wasu gungun matasa, ciki har da ɗalibai, suka kashe Deborah Samuel, ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, suka ƙona gawarta, bisa zargin ta yi ɓatanci ga Annabi a wani saƙon murya da ta tura a zauren WhatsApp na ajinsu. Majalisar Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ta yi tir da kisan, haka ma Shugaba Muhammadu Buhari. Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya rufe kwalejin, sannan ya sa dokar hana fita bayan zanga-zangar neman a saki mutum biyu da aka kama. An gurfanar da su kan haɗa baki da tayar da hankalin jama'a, daga bisani kotu ta sallame su saboda masu gabatar da ƙara ba su bi shari'ar ba. Malaman Musulunci da dama sun bayyana a lokacin cewa ko da zargi ya tabbata, hukunci aikin alƙali ne, ba na taron jama'a ba.

Akwai misalin da ke nuna cewa shari'a tana iya aiki idan an so. Bayan da wasu mutanen garin Aluu a Jihar Ribas suka kashe ɗaliban Jami'ar Fatakwal huɗu a watan Oktoban 2012 bisa zargin sata, kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa a 2017, ciki har da wani ɗan sanda.

Aikin da ke gaban Abuja

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Sashe na 33 na Tsarin Mulki ya kare ran kowane ɗan ƙasa, sashe na 38 kuma ya fito ƙarara cewa 'yancin addini bai ba kowa damar kafa ƙungiyar asiri ko shiga cikinta ba. Jihar Ribas ta yi dokar haramta irin waɗannan ƙungiyoyi a 2004, Jihar Legas kuma ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga mambobinsu a 2021. Abin da ke ƙaranci shi ne bin ƙara har ƙarshenta, da kuma tuhumar masu ɗaukar nauyi, kamar yadda kotun Atina ta wuce kan mai riƙe da wuƙa ta kai ga shugabannin da suka tsara ƙungiyar.

Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, dukansu a nan Abuja, suna da rawar takawa. Za su iya tabbatar da cewa kowace jami'a tana da zaɓaɓɓiyar ƙungiyar ɗalibai, wadda ba a rushe ta duk lokacin da ta yi ƙorafi kan ƙarin kuɗin makaranta. Za su iya tilasta wa makarantu su samar da hanyar da ɗalibi zai kai ƙara a asirce idan ana matsa masa ya shiga ƙungiya, da kwamitin haɗin gwiwa na shugabannin MSS da na ɗalibai Kirista wanda zai karɓi duk wani zargin ɓatanci cikin gaggawa ya miƙa shi ga hukuma, tare da kai wanda ake zargi wurin da ransa zai tsira. A Kafanchan da Sakkwato, 'yan sa'o'in farko ne suka yanke yadda lamarin ya ƙare.

Ita ma NANS tana da gyara a gabanta. Ƙungiyar da a da gwamnatocin soja ke shakkarta ta rabu gida-gida, kuma tarurrukan zaɓenta, har da waɗanda aka yi a Abuja, sun sha ƙarewa cikin hargitsi. Muddin 'yan siyasa ne ke biyan kuɗin kamfen ɗin shugabannin ɗalibai, da wuya waɗannan shugabanni su iya tsawata wa 'yan bangar da ubangida ɗaya ke ciyar da su.

Iyaye kuma su ne suka fi kusa da ganin alamun farko: ɗa ya dawo hutu da sababbin abokai da ba ya son a sani, ko da kuɗin da ba a san tushensu ba, ko ya fara kafirta 'yan gidansu, ko yana kiran maƙwabta maƙiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Rahotannin kwamitocin Abisoye, Donli da Itam suna nan a ma'ajiyar gwamnati, kuma iyalan ɗaliban Ile-Ife biyar da na Deborah Samuel har yanzu ba su ga an hukunta waɗanda suka kashe musu 'ya'ya ba.